Walras ya canja hanya, a tambayi mafarautan Inuit

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, duk da na san wasu za su ce ina ruwan Bahaushe da wata dabba da ke can ƙuryar arewacin duniya inda rana ma sai ta yi watanni ba ta leƙo ba. Dalilina shi ne, duk sanda aka zo maganar sauyin yanayi a jaridunmu kusan abu ɗaya muke gani, an yi taro a wata ƙasa, shugabanni sun yi jawabi, an yi alƙawarin biliyoyin daloli, minista ya dasa bishiya an ɗau hoto an watse. Su kuwa mutanen da abin ya taɓa musu tukunya ba a cika jin ta bakinsu ba, kuma sau da yawa su ne suka fi masu jawabin sanin abin da ke faruwa. To yau a kan irin waɗannan mutanen nake so in yi magana, wato Inuit da 'yan uwansu Yupik, da dabbar da suka dogara da ita wadda ake kira walras.

Su Inuit ɗin nan kusan mutum 180,000 ne, sun warwatsu a ƙasa huɗu, Alaska ta Amurka, arewacin Kanada, Girinlan, sai yankin Chukotka na Rasha. Ƙasarsu ba ta noma, ba gero ba dawa, ƙasar ma a daskare take, abincin kanti kuwa sai dai jirgin sama ya kawo ko jirgin ruwa in teku ya buɗe, shi ya sa tsadarsa ta wuce hankali. Rumbunsu teku ne. Walras kuma na cikin manyan abin da ke cika rumbun, ƙatuwar dabba ce, namiji ya kan wuce kilo 1,200, ga haure biyu irin na giwa da kan kai kusan mita guda, ga wani gashin baki mai kauri da take laluben abinci da shi a ƙasan teku inda ido ba ya aiki. Naman a ci, kitsen a ci a kuma yi amfani da mansa, fatar macen mata su tsaga ta biyu a rufe kwalekwale da ita, hanjin a da ana ɗinka rigar ruwa da shi, tumbin a yi fatar ganga, hauren a sassaƙa a sayar a sayi fetur da harsashi. Ka ga kenan in dabbar nan ta ƙi zuwa ba nama kawai aka rasa ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya gane tukunna shi ne yadda rayuwar walras take manne da ƙanƙarar teku. Ita ba kifi ba ce, ba za ta zauna cikin ruwa har abada ba, dole ta fito ta huta. Abincinta 'yan halittu ne masu ɓawo irin katantanwar ruwa da ke binne cikin taɓon ƙasan teku, ta kan zuƙe dubbai a ci guda, kuma galibi a ruwan da bai wuce zurfin mita 80 zuwa 100 ba take kiwo. To a ɓangaren tekun Fasifik, da hunturu suna tekun Bering a kan ƙanƙara, in bazara ta shigo wajen Afrilu zuwa Yuni matan su haihu a kan ƙanƙarar, sannan ƙanƙarar na ja da baya zuwa arewa suna binta, su ratsa mashigin Bering da ke tsakanin Amurka da Rasha, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 85 ba, su faɗa tekun Chukchi. Mazan da yawa ba sa bi, su kan tsaya a gaɓa kamar Bristol Bay ta Alaska su yi ta kwanciyarsu. Amma uwa da ɗanta ƙanƙara ce gidansu, tana yawo da su a hankali daga wannan makiyaya zuwa waccan, uwar ta nutsa ta ci ta dawo ta tarar da ɗan a kusa. Kuma haihuwarsu ba yawa, ciki wata 15 ne ko fiye, ɗa guda, shayarwa kusan shekara biyu, saboda haka duk ɗan da ya mutu asara ce da ba ta saurin mayuwa.

Yanzu ga inda matsalar take. Yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniyar nan, na ɗumama fiye da ko'ina, binciken da masana na ƙasar Finlan suka fitar a 2022 ya nuna tun daga 1979 saurin ɗumamarsa ya kusa ninka na duniya gaba ɗaya sau huɗu. Dalilin ba wuyar ganewa, farar ƙanƙara tana maida hasken rana sama, in ta narke sai baƙin ruwa ya bayyana ya shanye zafin, zafin ya ƙara narkar da wata. A Satumban 1980 ƙanƙarar da ta rage a tekun ta kai wajen murabba'in kilomita miliyan 7.5, a Satumban 2012 miliyan 3.4 kacal ta rage, ƙasa da rabi kenan. Tekun Chukchi ba shi da zurfi, wajen mita 50 ne a yawancin wurare, daidai da walras. Amma yanzu da rani ƙanƙarar sai ta ja baya ta wuce wannan wuri mara zurfi gaba ɗaya ta koma kan ruwa mai zurfin mita dubbai, inda ko ta nutsa ba za ta kai ƙasa ba. Sai uwa ta zaɓa, ko ta zauna kan ƙanƙara da yunwa, ko ta bar ta ta yi iyo da jaririnta zuwa tudu.

Tudun suka zaɓa. Daga 2007 aka fara ganin dubban mata da 'ya'ya suna fitowa gaɓar arewa maso yammacin Alaska, kuma wurin da suka fi taruwa shi ne kusa da wani ɗan ƙauyen Inuit mai suna Point Lay wanda mutanensa 'yan ɗaruruwa ne kawai. A Satumban 2014 masu bincike suka ɗauki hoto daga jirgin sama aka ƙiyasta walras 35,000 a cunkushe a bakin yashi guda, hoton ya zaga duniya. A 2019 kuma tun 30 ga Yuli suka fara fitowa, ba a taɓa ganin da wuri haka ba a wurin. Ɓangaren Rasha ma abin ya fi haka yawa. Illar cunkoson nan ita ce turmutsitsi, dabba ce mai saurin firgita, ƙarar jirgin sama, ko warin hayaƙi, ko farin beyar ya gifta, sai gaba ɗaya su ruga ruwa, manya su tattake ƙanana. A 2009 an tsinci gawa 131 a Icy Cape da ke gaɓar Alaska, kusan duk 'ya'ya. A kan ƙanƙara kuwa ƙungiya ƙungiya suke zama, ruwa na gefensu ta ko'ina, irin wannan ba ta cika faruwa ba.

To wa ya tsaya musu? Mutanen Point Lay ɗin, mafarautan. Su ne suka fito suka roƙi 'yan jarida da masu yawon buɗe ido da kada su zo, suka nemi matuƙan jirgin sama su nisanci wurin, su kansu suka canja hanyar da suke bi da kwalekwalensu don kar ƙarar inji ta tada garken, kuma su ne suke fita su ƙirga gawarwaki su ba hukumar kula da namun daji ta Amurka rahoto. Wannan fa mutanen da suke cin naman dabbar ne. A Chukotka ma haka, mafarautan ƙauyen Vankarem sun kafa sintiri tun 2006, suna gadin wurin kwanciyar walras, suna kwashe mushen su kai nesa da gari don farin beyar ya ci a can kar ya shigo cikin mutane.

Akwai masu musun sauyin yanayi da suke cewa ai fitowar walras tudu ba sabon abu ba ne, har suna kawo misalin 1978 da dubbai suka fito a tsibirin St. Lawrence da ƙananan tsibiran Punuk kuma da yawa suka mutu. Gaskiya ne an yi hakan, kuma ba wanda ya fi mutanen tsibirin sani tunda a gabansu aka yi. Amma nan ne ilimin mafarauci yake da amfani, don shi ya san bambancin abin da kan faru jefi jefi da abin da ya zama na kusan kowace shekara, ya san wace gaɓa ce ta maza tun kaka da kakanni, wace ce ba a saba ganin mace da ɗa a kanta ba, ya san a wane wata ya kamata su zo. Wanda ya ga hoto ɗaya a intanet, ko na masu musun ko na masu kuka, ba zai iya raba wannan ba.

Bari in daɗe kaɗan a tsibirin St. Lawrence, don a ganina nan ne zuciyar labarin. Tsibiri ne a tsakiyar tekun Bering, na Amurka ne amma ya fi kusa da Rasha, daga garin Gambell zuwa gaɓar Chukotka bai kai kilomita 60 ba. Gari biyu ne a kansa, Gambell da Savoonga, kowanne bai kai mutum dubu ba, Yupik ne, kuma mafi yawan walras da ake kamawa a Alaska su ke kama shi, har Savoonga ana mata kirari da babban birnin walras na duniya. Ƙaurar bazara ta gabansu take wucewa. Abin da mafarautan wurin suka daɗe suna faɗa wa masu bincike shi ne, ƙanƙara tana makara ba ta daskarewa da wuri, in ta zo kuma siririya ce ba irin tsohuwa mai kauri da ke gangarowa daga arewa a da ba, da bazara kuma ta karye da wuri ta wuce da sauri, walras na kanta. Farautar da ake yi a tsanake cikin makonni yanzu ta matse, in iska ta hana ka fita 'yan kwanakin da garken ke wucewa to shikenan ka jira baɗi, ko kuma ka bi su can nesa cikin buɗaɗɗen teku da ƙaramin kwalekwale, ka ƙona fetur mai tsada, ka sa ranka da na 'ya'yanka a hatsari, don da can ƙanƙarar ce take kwantar da igiyar ruwa, yanzu ba ta.

A 2013 haka ta faru. Iska ta tura ƙanƙara ta toshe gaɓa, kwalekwale suka kasa fita, kafin hanya ta buɗe dabbobin sun yi gaba. Abin da garuruwan biyu suka samu bai kai rabin abin da suka saba ba, sai da gwamnan Alaska na lokacin Sean Parnell ya ayyana cewa bala'in tattalin arziki ya faɗa musu. Ka duba fa, ba wai dabbar ta ƙare ba ne, tana nan, hanyarta da lokacinta ne suka kauce wa mutane. Irin wannan ba ya fitowa a lissafin yawan dabbobi, sai dai a firij ɗin gidaje da ba komai ciki. Sai kuma hunturun 2018 da tekun Bering ya yi ƙarancin ƙanƙarar da ba a taɓa rubuta irinsa ba, a tsakiyar Fabrairu ruwa na tumbatsa a inda ya kamata a ce mutum na tafiya da ƙafa.

Kuma mutanen tsibirin nan sun san abin da rashin walras ke nufi, ba a littafi suka karanta ba. A ƙarni na 19 jiragen Amurkawa masu farautar manyan kifayen teku, da kifayen suka yi ƙaranci sai suka juya kan walras don mai da haure, suka kashe sama da 100,000 cikin shekaru kaɗan. Tsakanin 1878 da 1880 wannan ɓarnar ta haɗu da mummunan yanayi aka yi yunwa a tsibirin, mutum sama da dubu suka mutu, ƙauyuka da dama suka zama kufai har yau. Jikokin waɗanda suka tsira ne suke magana yanzu, ni kam in irin waɗannan suka ce akwai matsala zan saurara.

Kar a ce ina raina ilimin boko, a'a. Masana sun yi aiki, sun maƙala wa walras na'urori suna bin tafiyarsa ta tauraron ɗan adam, da haka aka ga yadda uwaye ke doguwar tafiya daga gaɓar Point Lay zuwa makiyayar Hanna Shoal su dawo. Amma ka ji yadda ƙidayar take da wuya, a 2006 Amurka da Rasha suka haɗu suka yi ƙidaya da jiragen sama suka ce walras ɗin Fasifik kusan 129,000 ne, amma fa zai iya zama 55,000 zai kuma iya zama 507,000. Haba Malam Edita, tsakanin waɗannan lambobin biyu ai akwai tafiya. Daga baya da aka yi amfani da gwajin ƙwayoyin halitta lissafin ya koma sama da 250,000. Dabba ce da rabin rayuwarta tana ƙarƙashin ruwa, cikin hazo, tsakanin ƙasashe biyu da ba sa ga maciji. Mai bincike ya zo da rani ya yi sati kaɗan kuɗin aikinsa ya ƙare ya koma jami'a. Shi kuwa mafarauci yana nan shekara da shekaru, in ya feɗe dabba ya ga kaurin kitsenta, ya buɗe tumbi ya ga abin da ta ci, ya duba hanta, ya lura ko akwai ƙuraje a fata, ya san ko bana 'ya'ya sun yi yawa a garke ko sun ragu. Lokacin da wata cuta mai sa gyambo a fata ta bayyana a jikin dabbobin teku a arewacin Alaska a 2011, daga bakin mutanen ƙauyukan gaɓar aka fara samun labari. Kuma wannan ilimin ba a baki kawai ya tsaya ba, dattawan Gambell da Savoonga irin su Conrad Oozeva da Chester Noongwook sun zauna sun rubuta yanayin ƙanƙara da iska rana bayan rana da harshensu, aka buga shi littafi a 2004 tare da wani masani na cibiyar Smithsonian mai suna Igor Krupnik, kuma sunayen dattawan ne a bangon littafin a matsayin marubuta, ba a ƙarshe cikin godiya ba. Wannan ya burge ni ƙwarai, don abin da aka saba shi ne a zo a tatsi tsoho a tafi a samu digiri da maganarsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne duk da wannan, in aka tashi neman wanda za a ɗora wa laifi sai a nuna mafarauci. A 1960 jihar Alaska ta maida tsibirin Round Island gandun walras ta hana mutanen yankin farautar da suka gada, sai 1995 aka bari suka koma bayan doguwar gwagwarmaya, shekara 35 kenan. Ga kuma batun haure wanda ya shafe mu kai tsaye, don saboda giwayenmu na Afirka da ake kashewa ne wasu jihohin Amurka irin su Kalifoniya da New Jersey suka yi dokar hana cinikin haure, niyya mai kyau, amma sai suka rubuta dokar ta haɗa har da na walras, alhali dokar tarayya ta 1972 ta yarda 'yan asalin Alaska su yi farauta don ci su kuma sassaƙa hauren su sayar. Masu saye suka tsorata, kasuwa ta faɗi, mai sassaƙa a Savoonga da bai taɓa ganin giwa ba ya biya bashin mafarautan giwa. Alhali su Gambell da Savoonga da kansu suka kafa dokar gari cewa kwalekwale ɗaya kar ya wuce walras huɗu a fita guda, kuma mafarautan Alaska suna da hukumarsu ta walras tun 1978 mai wakiltar garuruwa 19 wadda take aiki tare da gwamnati. Ba na cewa duk waliyyai ne, an sha kama waɗanda suka harbe dabba suka cire kai suka bar nama, an kuma hukunta su, kuma dattawan garuruwan ne suka fi kowa ƙyamar hakan. Amma ba su ne suka narkar da ƙanƙarar ba. Kamfanin Shell ya kashe kusan dala biliyan 7 yana neman mai a tekun arewacin Alaska kafin ya haƙura a 2015, jiragen dakon kaya kuma sai ƙaruwa suke a mashigin Bering tunda hanya ta buɗe. A 2017 hukumar namun dajin Amurka ta ce walras ɗin Fasifik ba ya bukatar shiga jerin dabbobin da ke cikin hatsari, a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ba ta yi bayanin da ya gamsar ba kan dalilin da ya sa ta canja matsayinta na baya. Su ma mafarautan ba duka ne suke son a sa shi a jerin ba, don sun san in an tashi takurawa ta kansu za a fara, ba ta kan masu hayaƙi ba.

Wani abin dariya abin takaici, a 2022 wata walras guda da aka sa wa suna Freya ta ɓata hanya ta je Oslo ta ƙasar Norway tana hawa kwalekwalen mutane tana shan rana, da hukuma ta kashe ta duniya ta yi ta kuka har mutum-mutuminta aka yi. Yunwar Gambell ta 2013 ba ta samu ko kashi ɗaya cikin goma na wannan surutun ba.

Sai dai akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa, shi kansa ilimin gargajiyar yana shan wahala. An gina shi ne a kan abin da ke maimaita kansa, in iska kaza ta kaɗa a wata kaza ƙanƙara za ta yi kaza. Yanzu dattawa a wurare da yawa na Aktik suna cewa yanayin ya yi wuyar karantawa, alamun da iyayensu suka koya musu ba kullum suke cika ba, kuma an yi asarar ƙwararrun mafarauta da suka burma a ƙanƙarar da a da take ɗaukar mutum. Ramukan da suke haƙawa cikin daskararriyar ƙasa suna ajiye nama a arewacin Alaska wasu sun fara yoyo nama na lalacewa. Amma ba su zauna sun rungume hannu ba. Mutanen Savoonga da suka ga teku na daɗewa a buɗe sai suka ƙara wani lokacin farautar babban kifi a ƙarshen shekara wanda a da babu shi. A Kanada kuma wata ƙungiya da ke aiki da mutanen Sanikiluaq ta fito da manhajar waya mai suna SIKU a 2019, mafarauci ya ɗau hoton ƙanƙara mai hatsari ko dabbar da ya gani ya sa, 'yan uwansa su gani, kuma bayanan nasu ne, su ke da ikon cewa wa zai yi amfani da su. Irin wannan aikin ba baƙo ba ne a yankinmu ma, Hindou Oumarou Ibrahim 'yar Mbororon Chadi ta zaunar da makiyaya da manoma a Baibokoum sun zana taswirar ƙasarsu da hannunsu, inda ruwa yake da burtali da itatuwan magani, kuma a tarukan yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ita da wakilan Inuit zaure ɗaya suke zama suna neman abu ɗaya, a ɗauki sanin mutanen wuri a matsayin hujja lokacin yanke hukunci.

A ɓangaren Atlantika labarin ya ɗan bambanta, walras ɗin can bai kai na Fasifik yawa ba kuma ba ya doguwar ƙaura irin tasu, amma nan ma abin ya taɓa. A Qaanaaq ta arewacin Girinlan farautar walras a kan sabuwar ƙanƙara ake yi da keken da karnuka ke ja, lokacin da ƙanƙarar ke ɗaukar mutum kuwa ya gajarce. Akwai wani fili a teku tsakanin Girinlan da Kanada da ba ya daskarewa ko da hunturu, suna kiransa Pikialasorsuaq, nan dabbobi ke taruwa, kuma ƙungiyar Inuit ta duniya ta kafa kwamiti ya zaga ƙauyukan ɓangarorin biyu ya ji ta bakin mafarauta, a rahotonsa na 2017 ya nemi a bar Inuit su jagoranci kula da wurin. A Nunavut kuma, yankin da Inuit suka samu mulkin kansu a Kanada a 1999, garuruwan Igloolik da Sanirajak sun shahara da igunaq, naman walras da ake naɗewa cikin fatarsa a ɗinke a binne cikin tsakuwa ya yi watanni ya nuna, kafin wani ya yatsine fuska ya tuna yadda ake yin daddawa. Abin marmari ne da ake aikawa 'yan uwa har wasu garuruwa, kuma nunarsa ta dogara da sanyin ƙasa daidai gwargwado, in zafi ya yi yawa ya zama guba.

Su waɗannan mutanen na Igloolik abin da ke gabansu yanzu har ya fi narkewar ƙanƙara gaggawa. Akwai kamfanin haƙar tama mai suna Baffinland a tsibirin Baffin, a 2021 mafarauta suka tare filin jirgin ma'adinan saboda shirin faɗaɗa aikin, hukumar tantance illar ayyuka ta Nunavut ta saurari shaidar mafarauta da ta masana ta ce kar a yarda, a Nuwamban 2022 ministan tarayya ya bi shawararta ya ƙi amincewa. Wannan nasara ce, kuma ta nuna maganar mafarauci za ta iya tsayar da aikin biliyoyi in doka ta ba ta kujera. Amma kamfanin sai ya juya kan tsohon izinin da yake da shi tun 2012, na shimfiɗa layin dogo zuwa kudu ya gina tasha a Steensby Inlet, daga nan manyan jirage masu fasa ƙanƙara su riƙa ratsa Foxe Basin rani da hunturu, wato ta tsakiyar ruwan da walras ɗin Igloolik da Sanirajak yake rayuwa. Mafarautan yankin sun nemi a sake duba izinin, hujjarsu kuwa ita ce tekun da aka auna kafin 2012 ba shi ne tekun yau ba, ƙanƙarar ta canja, dabbobin sun canja wurin zama, kuma dabbar da ƙarar ƙaramin jirgin sama ke sa ta tattake ɗanta ba a san yadda za ta yi da jirgin tama da ke wucewa kowane 'yan kwanaki ba. A ganina suna da gaskiya, ya kamata a sake zaman, a kuma kira mutanen Igloolik da Sanirajak su faɗi inda garken yake kwana yanzu kafin a ja wa jiragen layi.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Mai karanta ku a kullum, daga Gusau.